Yatsa Biyu Ba Lalaci Ba Ne

Yau jita zan taɓa, ku yi haƙuri da ni.

Akwai wani kamu da makaɗan rok ke kira pawa kod, wanda wasu masu ilimin kiɗa ke yi wa kallon abincin malalata. Ni ban yarda ba.

Cikakken kod sauti uku ne ake kaɗawa tare: do, mi, so. Na tsakiyan nan, mi, shi ke ɗauke da yanayi. Ka bar shi a inda yake, kiɗa ya yi fara'a. Ka sassauto da shi kaɗan, ya koma jimami. Pawa kod kuwa cire shi yake yi gaba ɗaya, a bar do da so, shi ya sa ake rubuta shi da lamba 5, kamar A5. Ba ya dariya, ba ya kuka. Muryar mawaƙi ce za ta yanke hukunci.

Kuma ba don sauƙi kawai aka cire shi ba. Idan aka ƙure wa jitar lantarki ƙara har amonta ya dishe, sautukan da aka haɗa sukan haifi wasu na daban. Uku sai su dagule kamar kunun da ya yi gudaji. Do da so kuwa jininsu ya haɗu: duk kaɗawa biyu na ɗaya, ɗayan ya yi uku. Komai dishewar, suna fita tas.

A 1964 Dave Davies na ƙungiyar The Kinks a Ingila ya sa reza ya tsaga lasifikarsa don neman wannan dishewar, aka ɗauki "You Really Got Me". Nirvana ta Amurka ma, a 1991, da irin wannan kamu huɗu ta buɗe "Smells Like Teen Spirit". (Mu da ake ce wa mu rage siffofi a jimla muna ƙorafi, mun san zafin yanke abin da muke so.)

Inda masu sukar ke da gaskiya ɗaya ne. Siffar hannun ba ta canzawa, zame ta kawai kake yi sama da ƙasa a wuyan jita, don haka ɗan koyo zai iya shekara yana kaɗawa bai san wane sauti ya cire ba. Shi kam a zaunar da shi ya koyi mi tukuna, ya ji fara'arta da jimaminta da kunnensa.