RA'AYI: Conan O'Brien da haƙƙin hadimai ranar da kujera ta kuɓuce

A watan Maris na 2025 aka karrama Conan O'Brien da lambar yabo ta Mark Twain, mafi daraja a fagen barkwancin Amurka, makonni kaɗan bayan ya jagoranci bikin Oscar. Masu sharhi sun yi ta yabon basirarsa, kuma ya cancanci yabon. Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankalin wannan jarida shi ne yadda ya riƙe mutanen da ke ƙarƙashinsa a lokutan da ƙasa ta yi masa zafi.

Shi kansa daga bayan fage ya taso. Bayan ya kammala Jami'ar Harvard a 1985, ya koyi wasan raha na nan take, wanda ba a rubuta wa ɗan wasa komai, a ƙungiyar Groundlings da ke Los Angeles. Daga nan ya shafe shekaru yana rubuta wa wasu abin da za su faɗa a yi musu tafi, a shirin Saturday Night Live da kuma The Simpsons. Duk hadimin da ya taɓa kwana yana tsara jawabin da maigidansa zai karanta da safe ya san irin wannan aiki. Da tashar NBC ta ba shi shirin dare a 1993, kusan babu wanda ya san fuskarsa, har aka riƙa sabunta kwantiraginsa na makonni 13 kacal saboda rashin yarda da shi.

An fara ganin halinsa a yajin aikin marubutan Hollywood na 2007, lokacin da shirye-shirye suka tsaya cik. O'Brien ya ɗauki nauyin albashin ma'aikatansa da ba marubuta ba daga aljihunsa, alhali babu dokar da ta tilasta masa.

Babbar jarrabawar ta zo a 2010. A watan Yunin 2009 ya karɓi The Tonight Show, kujerar da kowane mai barkwanci a Amurka ke mafarki, kuma ma'aikatansa da yawa sun kwaso iyalansu daga New York zuwa Los Angeles domin su bi shi. Wata bakwai kacal, NBC ta nemi a tura shirin zuwa bayan ƙarfe 12 na dare domin a mayar da Jay Leno tsohon lokacinsa. O'Brien ya ƙi, ya zaɓi tafiya. Yarjejeniyar rabuwar ta kai dala miliyan 45, kuma kimanin miliyan 12 daga ciki kuɗin sallamar ma'aikata ne. Da yarjejeniyar ta hana shi fitowa a talabijin na wasu watanni, sai ya shiga zagayen birane yana wasa a dandali tare da makaɗansa da wasu daga cikin mutanensa, kafin ya koma tashar TBS a watan Nuwamba.

Mai karatu a Abuja ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Ranar da aka sauke minista ko shugaban hukuma, muƙamin hadimansa ya ƙare tare da nasa. Maigida yakan fita da alfarmarsa, su kuwa direba da sakatare da mai rubuta jawabi kowa tasa ta fisshe shi, wani lokaci ma da bashin alawus a wuya. Ra'ayin wannan jarida shi ne, duk wanda ya ɗebo mutane su yi masa hidima, to makomarsu tana cikin abin da ya wajaba ya tsaya a kai tun kafin ya miƙa makullin ofis. Gaskiya ne O'Brien attajiri ne, kyauta ba ta yi masa wuya, amma manyan Abuja ma ba matalauta ba ne.

Riƙon amanar bai karya shi ba. A 2018 ya buɗe shirin hira na murya a intanet, wato fodkas, mai suna Conan O'Brien Needs a Friend, ya zaunar da Sona Movsesian, hadimarsa tun 2009, a gaban makirufo a matsayin abokiyar gabatarwa, tana yi masa tsiya yana ramawa. A 2022 kamfanin SiriusXM ya sayi kamfaninsa, Team Coco, kan kuɗin da rahotanni suka ce ya kai dala miliyan 150.