Biktoriya ta daina sare dazuzzukanta, amma daga ina katako yake zuwa yanzu?

Tun ranar 1 ga Janairun 2024 aka dakatar da sare itatuwa don kasuwanci a dazuzzukan asali mallakar gwamnatin jihar Biktoriya, a kudu maso gabashin Ostareliya. A 2019 gwamnatin Daniel Andrews ta ɗibi 2030 a matsayin wa'adi, sai ga shi ta rage shekara shida. Ba tausayin daji kaɗai ya jawo wannan gaggawa ba.

Abu uku ne suka taru suka karya harkar. Na farko gobarar dajin 2019 zuwa 2020, wadda ta cinye kusan hekta miliyan ɗaya da rabi a jihar. Na biyu kotu: a Nuwamban 2022 Kotun Ƙolin jihar ta yanke hukuncin cewa VicForests, kamfanin katako na gwamnati, ba ya binciken da ya kamata don kare wasu dabbobi masu kwana a kogon bishiya kafin ya shiga sara. Ƙungiyoyin sa-kai na mazauna yankin ne suka kai ƙarar, kuma hukuncin ya tsayar da aiki kusan ɗungurungum. Na uku asara: a shekarar kuɗi ta 2021 zuwa 2022 kamfanin ya tafka asarar sama da dalar Ostareliya miliyan 50, nauyin da ya faɗa kan masu biyan haraji. A ƙarshen Yunin 2024 aka rufe shi.

Ma'aikata ne suka fara ji a jikinsu. A farkon 2023 masana'antar Maryvale ta daina yin farar takarda saboda ƙarancin itace, mutane da dama suka rasa aiki. Gwamnati ta ƙara dala miliyan 200 don tallafa wa ma'aikata da garuruwan da suka dogara da sana'ar, sai dai diyya ba ta maye gurbin sana'ar gado.

Buƙatar katako kuwa tana nan daram. Maƙwabciyar jihar, tsibirin Tasmaniya, ba ta daina sare nata dazuzzukan ba, kuma wasu masana'antun Biktoriya sun koma yin safarar gungume daga can ta jirgin ruwa. Muddin gonakin itatuwa da ake shukawa ba su cike giɓin ba, dajin Tasmaniya ne zai riƙa biyan kuɗin hutun da na Biktoriya ya samu.