Takardar Digiri Ma Amana Ce

Tun 1916 da aka kafa Sabo a Ibadan, bisa amana cinikin shanu da goro yake tafiya. Mai gida ya tsaya wa mahauci, a ba shi sa bashi babu takarda babu sa hannu, ranar biya ya kawo kuɗi. Wanda ya ci amana sau ɗaya, kasuwarsa ta mutu ke nan.

To, abin takaici shi ne akwai iyaye a cikinmu waɗanda ba za su yarda a cuce su ko kwabo a kara ba, amma su ne suke ba ɗansu kuɗi ya sayi amsar jarrabawa, ko ya yi hayar wanda zai rubuta masa kundin kammala digiri. Suna ce da wannan dabara. Mu kuwa jabu muke ce da shi, domin likita ko injiniyan da ya fito ta wannan hanya a kan jama'a zai koyi aikinsa, wataƙila ma a kan iyayen nasa. Dokar soja ta 1984 ta yanke wa satar jarrabawa ɗaurin shekara 21, ta 1999 ta sassauta. Ko ɗaya ba ta kashe cutar ba, tunda wani lokaci daga gida take tasowa.

Amma kada a ɗauka ɗalibi ba shi da haƙƙi. Ran 1 ga Fabrairu 1971 'yan sanda suka harbe Kunle Adepeju a Jami'ar Ibadan, nan kusa da mu, lokacin da ɗalibai suke kuka kan abinci. A 1986 kuma Kotun Ƙoli ta soke korar da Jami'ar Maiduguri ta yi wa waɗansu ɗalibai bayan tarzomar 1983, saboda ba a saurare su yadda ya kamata ba.

Saboda haka in an kira ɗanka gaban kwamitin ladabtarwa, kada ka ruga neman wani babba ya sa baki, kamar yadda muka saba. Sai yaron ya nemi a ba shi tuhumar a rubuce, a nuna masa shaidar da ake da ita, a kuma ba shi damar kāre kansa. Kafin ranar zaman, kai uba ka zaunar da shi a zaure ka tambaye shi tsakaninsa da Allah ko ya aikata.