Ɗan uwa mai neman likitanci yana buƙatar ɗauki

A Gama da Birged akwai samari 'yan uwa da ke sammako zuwa masana'antun Bompai ko rumfunan Kantin Kwari, ba sa dawowa sai bayan Magariba, amma suna da burin karatun likita a Jami'ar Bayero. Jarrabawar JAMB kuwa ba ta san uzuri ba. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu a kan kwamfuta, Turanci da darussan kimiyya uku, maki 400. Wanda ya wuni yana ɗaukar dilar atamfa da ɗan gatan da aka ɗauko wa malami har gida, mudu ɗaya ake auna su da shi.

Malamai sun bayyana cewa likitanci farilla ce ta kifaya, in al'umma ta rasa masu yi kowa ya ɗau alhaki. Duk wanda ya taɓa kwana a barandar asibiti da mahaifiyarsa yana jiran likita ya san haka.

Abin takaici, da zarar ba a ga irin wannan yaro wajen ta'alimi sau biyu ba, sai a fara raɗe-raɗin ya ja da baya. Subhanallahi! Kamata ya yi a tambaye shi me ya shige masa duhu.

Maigidansa ya riƙa sallamarsa da La'asar har ya zana jarrabawa, ba tare da yanke masa ko kwabo ba. 'Yan uwa da suka karanta kimiyya su zauna da shi a ajin Islamiyya bayan Isha'i. Mai kwamfuta kuma ya ara masa ya saba da ita, tunda tun 2015 aka daina amsawa a takarda.