Sunan kantinka a intanet haya ne, ba gado ba

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau wata magana ce da ta taso a shirinmu na rediyo, wadda minti biyar na wayar mai saurare ba su ishe ta ba.

Wani alhaji mai shigo da kayan gyaran babura ne ya bugo mana, ransa a ɓace. Shekara huɗu da suka wuce ɗan ƙanensa da ke jami'a ya buɗe masa shafi a intanet da sunan kantinsa. Aka rubuta sunan a allon ƙofa, aka buga shi a kalanda da ledoji da ɗan katin da yake miƙa wa abokan hulɗarsa na Dubai da Lome. Yaro ya ƙare karatu ya tafi neman aiki ƙasar waje. Kwanan baya wani abokin ciniki ya kira alhaji yana dariya, ya ce masa yaushe ka koma harkar caca? Da aka buɗe shafin sai ga tallar caca cikin wani harshe da duk gidan ba mai iya karanta shi. Tambayar alhaji ita ce wa zai kai ƙara, tunda an sace masa suna. Mun ji nauyin ba shi amsa a bainar jama'a, domin gaskiyar magana ba wanda ya yi masa sata. Wa'adin haya ne ya cika, ba a biya ba, wani can ya biya.

To, ga yadda abin yake. Sunan da ake rubutawa a shiga shafin mutum, wanda ke ƙarewa da .com, ko .ne na Nijar, ko .ng na Najeriya, ba a sayar da shi har abada. Haya ake bayarwa shekara-shekara, kamar yadda ma'aikatar magajin gari ke ba da rumfa a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba: sunan .com yana kamawa daga dalar Amurka 10 zuwa 20 a shekara, wato wajen jika shida zuwa goma sha biyu na kuɗinmu, kuma mutum yana iya biyan shekara goma a zama ɗaya. Bambancinsa da rumfa shi ne, a kasuwa in wata ya ƙare mai karɓar kuɗi zai zo ya tsaya a kanka, ku gaisa, ka ce ya dawo jibi. A intanet wasiƙar imel ake aikowa, ɗaya saura wata guda, ɗaya saura mako guda, ɗaya bayan wa'adi ya wuce. Haka hukumar ICANN mai kula da tsarin sunayen ta wajabta wa kamfanonin rajista. Amma wasiƙun suna zuwa ne ga wanda ya yi rajistar. Na alhaji duka sun tafi akwatin ɗan ƙanensa, wanda ƙila ya shekara bai leƙa shi ba.

Ba a ranar da wa'adi ya cika suna ke kuɓucewa ba. Ga sunayen .com, kamfanin rajista yana iya ɗaga ƙafa har kwana 45, ko da yake da yawa ba sa kai haka, wasu ma tun cikin waɗannan kwanaki suke sa sunan a gwanjo. In ba a saye ba, akwai wasu kwana 30 na fansa, inda mai suna zai iya karɓo abinsa da tara mai ninka kuɗin shekara sau da yawa. Daga nan kwana 5 da ba mai iya taɓa shi, sai a sake shi ga duniya. A wannan daƙiƙa da aka sake shi akwai kamfanonin da ba su da wata sana'a sai jira: na'urorinsu suna ta aika buƙata ba ƙaƙƙautawa, suna mai ɗan daraja ba ya daƙiƙa guda a ƙasa. Kullum dubun-dubatar sunaye ne ke faɗuwa haka, kuma akwai shafukan da ke jera su kamar yadda dillali ke jera awaki ranar kasuwa.

Me mutumin wata nahiya zai yi da sunan kantin kayan babura? Kantin bai dame shi ba, ƙafar jama'a yake saye. Sunan da ya shekara huɗu yana aiki yana da masu zuwa, wasu shafuka suna nuni gare shi, Google ya san shi. Sabon mai shi zai cika shi da talla ya ci kuɗin kowane mai leƙowa, ko ya ɗora caca, ko abin da ya fi caca muni wanda ba ma faɗa a jarida, ko kuwa ya zauna ya jira tsohon mai shi ya zo yana roƙo ya yanka masa farashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin ya yi yawan da a watan Maris na 2024 kamfanin Google ya sa wannan ɗabi'a ta cika tsofaffin sunaye da tarkace cikin laifuffukan da yake hukunta shafi a kansu.

Amma abin da ya fi tayar mana da hankali, wanda alhaji bai ma kawo shi a ransa ba, shi ne imel. Duk wanda ya riƙe suna, shi ke karɓar wasiƙun da aka aika wa adireshin da ke ɗauke da sunan. Ku auna: mai sayar maka da kaya a ƙasar Sin ya aiko takardar kuɗin kwantena, mai fidda maka kaya a tashar jirgin ruwa ya aiko lissafinsa, duka suna faɗawa hannun baƙo. In mugu ne, yana iya rubuta wa masu bin ka ko waɗanda kake bi bashi da ainihin adireshinka, ya ce an canza asusun banki, a tura kuɗi nan. Wa zai yi shakka, alhali adireshin da suka saba gani ne shekara da shekaru? Yana kuma iya cewa ya manta kalmar sirri ta Facebook ɗinka, a aiko masa da sabuwa. Jika goma da ba a biya ba tana iya cin kwantena.

Kada alhaji ya ga kamar shi kaɗai ne mai sakaci a duniya. A watan Disamba na 1999 kamfanin Microsoft, da duk dukiyarsa, ya manta biyan dala 35 na sunan passport.com, masu akwatin Hotmail suka kasa shiga, sai wani bawan Allah a Amurka ya biya daga aljihunsa, kamfanin ya gode masa da dala 500. A 2003 suka sake barin hotmail.co.uk ya faɗi. A ƙarshen Disamba na 2020 kuwa ƙasa ce sukutum ta kusa shiga uku: an bar wani suna da rabin na'urorin jagoran .cd na Jamhuriyar Demokraɗiyyar Kwango ke dogara da shi ya faɗi, wani masanin tsaron intanet ɗan ƙasar Suwidin ya saye shi don kada ya faɗa hannun ɓarayi, ya sanar da hukumomi. Waɗannan sun yi sa'a da mutanen kirki. Ɗan kasuwar Tawa ko Ƙonni kada ya jingina da irin wannan sa'a.

Yanzu mu zo ga samarinmu, domin mun san wasu a Yamai da Maraɗi sun fara jin labarin ana samun kuɗi a sayen sunayen da suka faɗi. Doka ba ta hana ba, kuma mu ba mu ga aibi ba in mutum ya sayi suna na kowa-da-kowa da mai shi ya yar da gangan, ya gina abinsa a kai ko ya sayar da riba. Wannan gwanjo ne, kuma gwanjo sana'a ce, ko da yake mu gaya muku yawancin sunayen nan ba mai sake tambayarsu, kowace shekara kuma sai ka biya hayarsu. Inda muka ƙi shi ne yaro ya ga sunan kantin da ya sani, na unguwarsu ko na garinsu, ya laɓe har ya faɗi, ya cafke, sa'an nan ya aiko a fanshe shi da jika ɗari biyar. A kasuwa in maƙwabcinka ya kwanta ciwo wata biyu, ba ka zuwa wajen hukuma ka karɓe rumfarsa don takarda ta ba ka dama. Ka je ka duba shi, in da hali ka biya masa ya mayar maka. Ba mu ga abin da ya sa shiga kwamfuta zai sauke wa mutum wannan kunya ba. Mutanen Galmi sun san zafin abin: a shekarun 2000 wani kamfanin irin shuka na Senegal ya nemi rajistar sunan albasarsu a hukumar OAPI da ke Yawunde, sai da Nijar ta tashi tsaye kafin a janye.

Ƙara kuwa akwai inda ake kai ta. Tun 1999 akwai tsarin sasanta rikicin sunaye, kuma hukumar kare haƙƙin fasaha ta duniya da ke Janeba tana sauraron irin waɗannan ƙararraki. Sai dai kuɗin shigar da ƙara kaɗai dala 1,500 ne, sama da jika ɗari takwas, ban da lauya, kuma sai ka nuna kana da haƙƙi a kan sunan a matsayin tambarin kasuwanci, ka nuna wancan da mugun nufi ya ɗauka. Mu nawa ne a kasuwa muka taɓa yi wa tambarinmu rajista?

Iyayenmu mata masu kilishi, turaren wuta da atamfa za su ce su ba ruwansu, ba su da shafi, da WhatsApp suke ciniki. Hajiya, da ruwanki. Lambar wayar nan ma aro ce: layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba, kamfani yana karɓe shi ya sayar wa wani. Wanda ya same shi yana iya buɗe WhatsApp da lambar, masu sayen kayanki na Agadas da Kano su ci gaba da rubuto masa, wasu har su tura kuɗi. Kuma sau nawa muka ga layin ciniki da aka yanka da katin shaidar ɗa, ko na yaron kanti da aka rabu da shi ba daɗi?

Shawararmu ga mai shafi, yau ɗin nan ya kira wanda ya buɗe masa ya tambaye shi: da sunan wa aka yi rajista, wane imel aka sa, wace rana wa'adi ke cika. In da sunan yaro ne a mayar da shi sunan mai kanti, ko da yaron ɗan cikinsa ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A biya shekara biyar ko goma, a rubuta ranar a littafin bashi inda ido ke kai kullum, domin katin bankin da aka bari ya riƙa biya da kansa shi ma yana da ranar mutuwa. Wanda ya rufe kasuwancinsa ma ya ci gaba da biya shekara biyu ko uku, har wasiƙu su daina zuwa. Hajiya kuma ta je da katin shaidarta ta tabbatar layin nata ne.

Alhajinmu ya sake bugo mana bayan mako guda. Sabon mai sunan ya amsa wasiƙarsa, ya nemi kuɗin da suka fi ribarsa ta wata uku, shi kuwa ya ƙi. Ya yi rajistar wani suna da hannunsa, ya kira abokan hulɗarsa ɗaya bayan ɗaya a waya ya ce kada su ƙara amsa tsohon adireshin. Allon ƙofa an shafe an sake rubutawa. Ledojin da kalandun kuwa suna can gidajen mutane da tsohon sunan a jikinsu.