Rigimar 'Yan Gida Ɗaya a Kan Mabuɗin Kwamfuta

Duk sa'ad da ɗayanmu ya kunna kwamfutarsa, akwai wata 'yar manhaja a cikin na'urar wadda ke tashe ta kafin Windows ko Linux su karɓi ragama. Galibi kamfani ne ke rubuta ta ya kulle, ba mai ikon dubawa balle gyarawa. Domin a kuɓuta daga wannan ƙangi aka fara aikin LinuxBIOS a 1999 a cibiyar bincike ta Los Alamos da ke Amurka, aka sake masa suna coreboot a 2008. Daga jikinsa ne Leah Rowe ta fitar da Libreboot a Ingila a 2013, bisa sharaɗin ba za a saka ko ƙwayar rufaffiyar manhaja ba.

To, amma sharaɗin yana da tsada. Yawancin sababbin na'urori ba su tashi sai da wasu rufaffun gutsattsarin manhaja na masu ƙera su, saboda haka Libreboot ya tsaya ga tsofaffi irin su ThinkPad X200. A 2022 Rowe ta sassauta, ta yarda a saka abin da ya zama tilas, a cire sauran. Waɗanda ba su amince ba suka kafa GNU Boot a 2023, ita kuma ta mayar da martani da Canoeboot, wanda shi ma babu rufaffen abu a cikinsa. Gardama har ta kai ga wane ne ke da haƙƙin suna.

A ganina, kowane ɓangare yana da hujja. Mai riƙe da aƙida shi ke hana a manta inda aka dosa, mai sassauci kuwa shi ke kai 'yanci, ko da rabi ne, ga na'urorin da ke hannun jama'a. Abin takaici shi ne faɗa a kan suna, alhali dukansu daga rijiyar coreboot suke sha, gwanayen aikin kuma ba su da yawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ana cikin wannan jayayya, dabarar Boot Guard ta kamfanin Intel tana hana na'urori da dama karɓar duk manhajar tashi da ba ta da hatimin mai ƙera su.

Mu da mafi yawan kwamfutocinmu na hannu ne, waɗanda kamfanoni suka daina kula da su, mu ne ke asara in ƙwazon nan ya ƙare a cacar baki. A yi saɓanin ra'ayi, amma a riƙa musayar gyare-gyare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.