Tsaron unguwa daga bakin famfo yake farawa



Duk wanda ya taɓa yin bazara a Adar ya san yadda Afrilu da Mayu suke. Famfo ya yi shiru kwana biyu, kwana uku, bidoji sun yi layi tun daga bakin famfo har kan kwana, mai ga-ruwa ya ƙara kuɗi don shi ma nesa ya je ya ɗebo. A majalisar dattawa da fadar samari kuma magana ɗaya ake yi: an sace babur ɗin wane, an fasa shagon wane, an kore shanu a ƙauye kaza, can kudu wajen iyaka an ɗauke mutum ana neman kuɗin fansa. Shi ya sa a unguwanni da ƙauyuka da dama mutane ke zama suna cewa a kafa kwamiti, mu tashi mu taimaki kanmu.

Muna goyon bayan wannan yunƙuri ɗari bisa ɗari. Amma akwai abin da muke so a ji tun kafin a yi nisa. Matsalar ruwa da matsalar tsaro uwarsu ɗaya. Kwamitin da ya fara zamansa da tambayar ina za a samu gora da bindiga ya kama aikin ta wutsiya. Wanda ya fara da tambayar ina kuɗin ruwanmu suke shiga, wa ke gadin foraj, wa ba a gayyato wurin taron nan ba, shi ne ya kama hanya.

Bari mu fara da yadda ruwan yake zuwa, don da yawa daga cikinmu iyakar saninmu bakin famfo. A birane, kamfanin gwamnati na SPEN ke da kayan aikin, NDE kuma ke raba ruwa da karɓar kuɗi tun farkon 2024, lokacin da ta gaji SEEN. A yawancin ƙauyuka tsarin daban ne: foraj, shato da ƴan famfuna, waɗanda ke ƙarƙashin kulawar ƙaramar hukuma, ita kuma ta danƙa su ga wani ɗan kasuwa ko ga kwamitin gari. Dokar ruwa ta 2010 ta amince cewa samun ruwa haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, ta kuma ba masu shan ruwan damar haɗa ƙungiya su sa ido. A kan tudun Adar ruwa yana da zurfi, wurare da yawa guga da igiya ba su isa gare shi, sai inji. Injin kuwa sai da wutar NIGELEC, ko gazuwal, ko allunan hasken rana. Mun ga haka da idonmu a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu saboda takunkumin CEDEAO. A wurare da yawa wuta na ɗaukewa, ruwa na bin ta.

Kenan abu uku ke kashe famfo: rashin wuta, rashin gyara da wuri, da ɓatan kuɗin da aka tara don gyaran. Na farko ya fi ƙarfin unguwa. Na biyu da na uku kuwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya, a hannunmu suke. Ƙauyuka nawa ne ake biyan dala-dala a kan kowane bido shekara da shekaru, ranar da inji ya ƙone a buɗe asusu a tarar babu ko na sayen ƙusa? Ba aljani ne ya kwashe ba. Ba a rubuta ba ne, ba a kuma tambaya ba, saboda mai riƙe da kuɗin ɗan'uwan maigari ne, ko surukin liman, ana jin nauyinsa.

To ina ruwan wannan da tsaro? Idan famfon unguwa ya mutu, ba namiji mai ƙarfi ke fita ba. Kowa ya san rani na yi mazan Adar sun tafi bida, wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Libiya. Mata da ƴan mata da yara su ke tashi ƙarfe uku na dare su nufi rijiyar fadama ko famfon wata unguwa cikin duhu, su bar gida babu kowa. Ɓarawo ya fi mu sanin wannan lokacin. Shi kansa foraj ɗin da babu mai kwana wurin, a dare ɗaya ake kwance allunan hasken rana da wayoyinsa, gari ya koma shekara goma baya. Idan kuma famfo biyu sun mutu, kowa ya taru a na uku, da mai bido da mai garke, ga zafin rana ga gajiya. Nan ake fara zage-zage, kuma mun san inda zagi yake kaiwa.

Ba mu manta da Bangi ba. A farkon Nuwamban 2016, rigimar manoma da makiyaya a wannan ƙaramar hukuma ta Madawa ta ci rayukan mutane aƙalla 18, an ƙona gidaje. A kan ɓarnar gona ta tashi, ba a kan rijiya ba, amma darasin ɗaya ne: ƙaramar magana idan ba ta samu wurin zama da masu kashe ta ba, kafin rana ta faɗi ta zama gawa. Wannan Bangin dai ce ta karɓi ƴan'uwanmu da suka tsere wa ƴan bindiga daga jihar Sakkwato a ƙarshen 2021. Hukumar kula da ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a watan Nuwamba kaɗai sama da mutum 11,500 suka ƙetaro, galibinsu suka sauka a ƙauyuka 26. Mutanen Bangi sun buɗe musu ƙofa, Allah ya saka musu da alheri. Amma rijiyar da aka gina don gari guda ita ce ta koma shayar da gari biyu. Sannan a damanar 2024 cutar amai da gudawa ta ɓulla a yankunan Buza, Madawa da Ƙonni. Wanda ya rasa ruwan famfo, na tafki yake sha. Wannan ma kisa ne, ko da babu ƙarar harsashi.

Yanzu ga maganar da ta fi wuya. Akwai masu cewa: "Ku dai kuna birni kuna rubutu. Mu da ke bakin iyaka, kafin jandarma su iso an gama da mu. Ku bar mu mu nemi makami." Wanda ya faɗi haka ba mahaukaci ba ne, tsoro ne na gaskiya, kuma wanda bai taɓa kwana cikin gero yana jin ƙarar babura ba bai kamata ya yi masa dariya ba. Amma mu dubi maƙwabta. A Zamfara ƴan sa-kai sun fara ne da niyyar kare gari daga ɓarayin shanu. Ba a jima ba aka koma kama mutum a kasuwa don kamanninsa ko harshensa, a kashe shi babu shari'a. Ƴan'uwansa suka shiga daji suka nemi ramuwa, wutar ta ci Zamfara, ta ci Katsina da Sakkwato, har hayaƙinta ya iso mana. A nan gida kuma, a Nuwamban 2021, magajin garin Banibangu ya fita tare da ƴan kwamitin sa-ido na yankinsa, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka rasu har da shi. Jarumai ne, Allah ya jiƙansu. Amma abin ya nuna mana cewa manomi da bindigar toka ba zai iya aikin soja ba, kuma garin da ya ɗauki makami shi ake fara nufa.

Aikin kwamitin unguwa shi ne ya zama ido da kunne. A san wa ya sauka a gidan wa, ba don a tsangwami baƙo ba, don a san shi a kuma kare shi. A sa fitila mai hasken rana a bakin famfo da lungunan da ake tsoro. A ɗauki mai gadin foraj a riƙa biyansa daga kuɗin ruwa, ba a bar shi da "Allah ya ba ka lada" ba. Samarin fada da ma suna zaune suna shan shayi har tsakar dare, a tsara su, kowace fada ta san layinta, a ba su lambar jandarma da ta ƴan sanda da ta mai unguwa. Kuma a yi ƙa'ida tun ranar farko: wanda aka kama, a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Babu duka, babu ɗauri a gindin itace, babu tarar da kwamiti zai yanka ya sa aljihu. Ranar da kwamiti ya fara yanke hukunci, ranar ya zama abin tsoro na biyu a unguwa.

Kada wani ya ce mutanenmu ba za su iya aikin haɗin kai mai tsari ba. Ku je kwarin Majiya ku ga layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 tare da ƙungiyar CARE don tare iska, har yau suna tsaye. Ku je Keita ku ga abin da aka yi tun daga 1984 a babban aikin raya karkara da ƙasar Italiya ta tallafa: duwatsun da aka jera a kan tuddai, madatsun ruwa, miliyoyin itatuwa. Su wa suka ɗauki duwatsun nan a ka? Galibi mata ne, lokacin da maza ke wurin bida. Ku dubi kuma Mata Masu Dubara, asusun da ya faro a jihar Maradi a 1991 har ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Sirrinsa ba wani abu ba ne illa a ƙidaya kuɗi a gaban kowa, kowace ta ji abin da ya shiga da abin da ya fita. Matan da ba su yi lakwal ba sun riƙe amanar kuɗi shekara talatin da wani abu. Me zai hana a danƙa musu asusun ruwa? Su ne ke ɗebowa, su ne ke fara sanin ranar da famfo ya fara tari.

Don haka ga abin da muke ba kowane kwamiti shawara. A samu littafi, a rubuta kuɗin da aka karɓa da wanda aka kashe, a karanta shi da Hausa a bainar jama'a kowane wata, a ɗauki hotonsa a tura wa ƴan bida a WhatsApp. Ɗan Tamaske ko ɗan Karofan da ke Abijan ba ya ƙyashin aiko da kuɗin gyaran famfon da uwarsa ke sha, abin da ya gaji da shi shi ne ya aiko ya ji shiru. A ware kuɗin gyara daban, kada a taɓa su don biki ko tarbar baƙi. A ba makiyayi kujera, Bafillace ne ko Buzu, a ba wakilin ƴan gudun hijira kujera, a tsara lokacin shayar da dabbobi da na ɗibar mutane tare da su, ba a yanke a aika musu ba. Wanda aka zauna da shi aka yi doka shi ke fara kare ta, kuma makiyayi ya fi kowa sanin abin da ke motsi a daji. A yi wa ƙungiya takardu a hukumance. A sa wa'adi ga shugabanni. A bar siyasa a ƙofar zaure, don mun ga yadda Samariya ta yi ayyukan gayya masu yawa, amma da yake a jikin masu mulki ta jingina, mulkin na canzawa ta watse.

Ga hukumomi ma muna da magana. Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo, talaka ba shi da kansilan da ya zaɓa wanda zai tare a hanya ya kai masa kuka. Wannan giɓi ne, kuma ƙungiyoyin unguwa na cikin masu iya cike shi. Kada a dube su da idon zargi. Idan za a yanke ruwa don gyara, a sanar a gidajen rediyon gari tun da wuri, mutane su tara. Idan kwamiti ya rubuto takarda, a amsa masa a rubuce. A bayyana wa jama'a yarjejeniyar da aka yi da mai kula da foraj: nawa ne kuɗin bido, kwana nawa aka ba shi ya gyara idan ya lalace. Jami'an tsaro kuma su riƙe sirrin wanda ya ba su labari. Mutum ɗaya aka tona aka kashe, gari duka ya rufe baki, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Mun sani littafin kuɗi da fitila ba za su tare mahara masu babura hamsin ba. Wannan aikin gwamnati ne, kuma ba za mu daina tuna mata ba. Amma mahara ba su cika shiga gari da ka ba, sai sun samu na ciki: yaron da aka wulaƙanta, makiyayin da aka hana wa ruwa, wanda aka doka a kan zargi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Like tsagar nan kuwa ba ya bukatar izinin kowa.

A taron unguwarku na gaba, ɗan'uwa, ƴar'uwa, ku ɗaga hannu ku tambaya: nawa ke cikin asusun ruwa yau, wa ke kwana a foraj, kuma su wa ke shan ruwan nan da ba mu gani a wurin taron ba? Idan an ba ku amsa, ku rubuto mana a ƙasa wasu su koya. Idan an yi shiru ko an harare ku, to kun gano inda aikin yake.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya.